Irin Geron Matar Bungudu

A gidan da anka kai ni aure a Tsafe, gwajin iri aikin mata ne. Uwar mijina ta koya mini shi tun ina amarya, da ta rasu ya dawo hannuna. Ba abu ne mai wuya ba. In hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai ki sami sakaina ki zuba yashi, ki yayyafa ruwa, ki barbaɗa ƙwayar gero, ki tura bayan randa inda ke da sanyi. Bayan kwana uku ki jawo ki duba. Iri mai rai zai fito da farin tsiro siriri. Wanda ya mutu sai ya kumbura kawai, ya yi wari. Maza ba su ɗaukar sungumi sai wadda ta gwada ta ce musu ya tsiro, kuma ban taɓa jin macen da ta yi ƙarya a kan wanga abu ba. Ni na yi, sau ɗaya.

Shekarar babbar yunwa ce, Nasara bai fi shekara goma da karɓe ƙasa ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba. Kafin tsakiyar rani mutane sun koma cin ganye, wasu suna tona gidan tururuwa don hatsin da ke ciki. Baƙi sunka yi ta gangarowa wajenmu daga arewa da yamma, don an ce Tsafe da sauran abinci. Akwai shi, amma a gidaje kaɗan, kuma namu yana ciki. Gidanmu gandu ne. Wan mijina ke riƙe da rumbuna, shi ke fidda awo kowace safiya, shi ke cewa ɗakin wance kaza, ɗakin wance kaza. Mijina mutum ne mai sanyi, ko tari ba ya yi da ƙarfi gaban wansa. Ni kuwa ina goyon ɗana na fari.

Cikin baƙin nan akwai wata mata daga Bungudu. Ta zo da mijinta da 'ya'ya uku da jaki ɗaya, sunka kafa bukkar kara bayan dangarmu. Doguwa ce, mai wushirya, ta girme ni da kaɗan. Tana yi mana daka da surfe, a ba ta dusa da ɗan tsaki. Yunwa ba ta kashe mata baki ba. In tana daka sai ta ce, "Uwar ɗakina, geronku na Tsafe da duwatsunku uwa ɗaya ta haife su. Namu na Bungudu kallo ɗaya za ki yi masa ya zama gari."

In ce, "To mi ya fito da ke daga Bungudun?"

Ta ce, "Na zo ganin ko gaskiya ne kuna da rowa. Na gani."

Haka munka yi rani tare. Ban saba da sakin fuska ba tun ina yarinya, amma ita takan sa ni dariya.

A kusurwar gidanmu akwai wani tsohon rumbu da ruwa ya shiga shekara biyu kafin nan. Hatsin ya ɗau zafi daga ciki, anka fitar anka shanya anka mayar. Ga ido lafiyarsa lau, kuma yana ciwuwa in an daure wa ɗan ɗacinsa. Irinmu na gaskiya kuwa yana cikin tukwane, an cuɗe shi da toka an yaɓe baki da laka. Da hadari ya fara, wan mijina ya ce in gwada duka biyun. Na yi sakaina biyu. Na tukwane ya tsiro fari fat. Na tsohon rumbu ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Na kai masa ya duba da idonsa.

Ya ce, "Na gani. Zubar, ki rufe bakinki."

Bayan kwana biyu na ji an yi ciniki. Mutanen Bungudu za su koma gida su yi shuka, ba su da iri, sai sunka ba da jakinsu, wan mijina ya ba su gero. Na ga daga rumbun da anka ɗebo shi. Na sami mijina yana gyaran ƙotar fartanya na gaya masa. Bai ɗaga kai ba, ya ce, "Ni zan ja da Yaya a wagga shekara? Wa ke ba mu awo?"

Da safen da za su tafi na fita na taya ta ɗaure kaya. Tun da babu jaki, sun raba geron, ita da mijinta kowa zai ɗauka a ka, babbar ɗiyarta ta goya ƙaramin. Ta zura hannu cikin geron ta ɗebo ta shinshina, ta dube ni.

"Uwar ɗakina, ke ke gwajin irin gidan nan. Kin gwada wanga?"

Na ce, "Na gwada."

"Ya tsiro?"

Na ce, "Ya tsiro."

Ta ce, "Shi ke nan, kin hutar da ni. Ruwa na sauka sai gona." Ta yi mini addu'a, ta shafa kan ɗana, na ɗora mata kayan a ka da hannuna.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne ya sa. Akwai tsoro, don wan mijina yana iya rage awon ɗakinmu, ni kuma ina shayarwa. Amma ba shi kaɗai ba ne. Na yi tunani tsaf a tsaye a wurin: in na faɗi gaskiya, ko dai a fasa cinikin, ko a buɗe tukwanenmu a ba ta daga irinmu. Ban so a taɓa tukwanen nan ba. Da hankalina na yi ƙaryar.

Damina ta yi kyau a shekarar. Gonarmu ta yi hatsi har munka ƙara rumbu. Ni kuwa tun daga ranar na fara jira. A wurinmu kowa ya san alhaki. Ba a koyar da shi a zaune, ji ake yi a bakin manya: wane ya ci gonar marayu, ga shi ƙafarsa ta ruɓe, wance ta yi wa baiwarta mugun duka, ga ta ta makance. Abin da ka yi wa mutum yana biyo ka, ko ya daɗe. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda wuta tana ƙuna. Sai na zuba ido in ga ta inda zai shigo mana.

Ɗana na fari baƙon dauro ya ɗauke shi da rani mai zuwa. Na ce to, ya fara. Na haifi mace, ta rayu. Na haifi namiji, bai yi arba'in ba. Shekarar da annobar mura ta shigo, wadda anka yi ta binne mutane ba hutu, mijina ya kwanta kwana huɗu ya tafi. Duk wanda na rasa, sai in ga matar nan da kaya a ka.

Wan mijina fa? Da jakin nan ya fara kai hatsi Gusau. Jaki ɗaya ya zama uku, uku sunka zama garke. Ya shiga sayen gyaɗa da auduga, ya bar gandu hannun 'ya'yansa ya koma Gusau da zama, ya gina soro. Na sa masa ido shekara da shekaru, ba na ɓoyewa. In ya zo Tsafe ya yi tari, in ce yau ne. In an ce jakinsa ya karye a hanya, in ce ga shi nan tafe. Ba abin da ya zo. Annoba ta shiga gidansa ta fita ba ta ɗauki ko kaza ba. Wuyansa ya yi kauri, 'ya'yansa sunka yi ta haihuwa.

Shekara goma sha biyar ina cikin wanga hali. Na aurar da ɗiyata, ban sake aure ba, ina kaɗi ina sayar da zare. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ni har anka fara kiran dangi. Da na tashi, na tafi wurin wani tsohon malami a unguwarmu, wanda ya karantar da mijina. Na durƙusa daga bakin zaure na faɗa masa kome. Shi ne mutum na farko da na gaya wa bayan mijina.

Ya ce, "'Ya'yanki da mijinki kwanansu ne ya ƙare. Kada ki ce kin san dalilin Ubangiji, ba ki sani ba. Amma hakkin matar nan yana wuyanki. Abin da ke tsakaninki da Allah, ki tuba, Shi mai gafara ne. Abin da ke tsakaninki da mutum, sai mutumin ya ce ya yafe da bakinsa."

Na ce, "Malam, in ta mutu fa?"

Ya ce, "To ki yi sauri."

Bayan an gama girbi na bi ayarin masu jakuna zuwa Gusau, kwana biyu a ƙafa. Lokacin ana ta aikin shimfiɗa hanyar jirgi, garin ya cika da baƙi da hayaniya. Na sauka gidan wan mijina. Da hantsi na same shi a zaure kan buzu, ana auna masa gyaɗa a ƙofar gida. Na gaishe shi, na jira masu awo sunka matsa.

Na ce, "Yaya, Bungudu za ni. Na zo mu tafi tare."

"Bungudu? Wa ya mutu?"

"Shi za ni in gano. Matar da ka karɓi jakinta shekarar yunwa."

Ya yi ta tunani, kuma na ga ba da gangan yake yi ba. Ya manta da gaske. Da na tuna masa tsohon rumbu sai ya yi dariya har ya dafa gwiwa.

"Ke dai ba ki canza ba. Tun kina amarya kike kallon mutane kamar alƙali. Ciniki munka yi, ido na ganin ido. Na ba su hatsi, in sun ga dama su ci. Ni na ce su shuka?"

"Ka san don shuka sunka saya."

"To wa ya ce musu ya tsiro? Ni ko ke?"



Ya ƙara da cewa, "Yunwa ce, kowa ta kansa yake yi. Da ban yi haka ba da wanne kinka ci kinka rayu har kinka zo kina yi mini wa'azi a zaurena?" Ya kira matarsa ya ce a ba ni goro da guzuri. Na karɓi guzurin, don ba ni da wani. Ya rayu shekaru da yawa bayan nan, ya mutu kan gadonsa da jikoki kewaye da shi, anka yi masa salla sahu-sahu.

Daga Gusau zuwa Bungudu yini ɗaya ne. Ban sha wuyar samunta ba. Da na ce doguwa mai wushirya wadda ta yi gudun yunwa Tsafe, wata mai sayar da daddawa ta ce, "Au, mai mugun hannu kike nema," ta nuna mini gidan ƙanenta a gefen gari wajen gulbi.

Na same ta a ɗan ɗaki bayan turken awaki tana gurzar auduga. Ta bushe, haƙoran sun zube, amma ita ce. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta tashi ta rungume ni.

"Uwar ɗakina. Ashe kina duniya. Har yanzu ba ki koyi dariya ba?"

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura. Ta tambayi ɗana, na ce ya rasu, ta yi kuka dominsa. Na kasa fara maganar da ta kawo ni, sai na tambaye ta nata. Ta ba ni labari a hankali, hannunta bai bar aiki ba.

Sun iso gida ruwa ya sauka, sunka shuka rabin geron washegari. Mijinta yana sara da sungumi, ita da yara suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Kwana bakwai ba abin da ya fito. Sunka ce ko tsuntsu ne, sunka shuka sauran bayan ruwa na biyu. Gonar dama da su ta yi kore, ta hagu ta yi kore, tasu ƙasa ja. Lokacin da sunka gane babu, shuka ta wuce, kuma ba mai iri. Yaran biyu ƙanana ba su ga kaka ba.

Na ce, "Ba ku ce irin ne ba?"

Ta ce, "Ina? Ai na gaya wa kowa an gwada shi, uwar ɗakina da kanta ta gwada. Ba irin ba ne, ni ce."

Ta gaya mini abin da ban sani ba. Lokacin da za su gudu zuwa Tsafe, uwar mijinta tsohuwa ce ba ta iya tafiya, jakin kuma yara ke hawa. Ita ta ce a bar tsohuwar wurin maƙwabta, da ɗan abin da ya rage. Kafin su dawo tsohuwar ta mutu ita kaɗai a ɗaki, sai bayan kwana biyu anka gane. Da gonarsu ta ƙi fita, gari duka ya ce alhakin tsohuwa ne ya kama hannun da ya zuba irin. Mijinta ma haka ya ce, ya sake ta bayan sun binne yaran. Tun daga shekarar ba wanda ya yarda ta taka gonarsa ranar shuka. In ta wuce mata suna gyaran iri sai su rufe ƙwarya. Babbar ɗiyarta da ƙyar ta sami miji, can nesa.

Ta ce, "Na karɓa. Na yi azumi, na yi sadaka da abin da nake da shi. Abin da na yi ne ya same ni. Yarana ne kawai nake tausayi, su da ba su yi kome ba."

Furar tana gabana ban sha ba. Na ce, "Irin matacce ne. Na gwada shi, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba. Na sani lokacin da kinka tambaye ni. Ƙarya na yi miki. Na zo ki yafe mini."

Hannunta ya tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta sa na sake faɗa tun daga farko, da sakaina biyun, da abin da wan mijina ya ce, da abin da ni na tuna a raina. Ban rage kome ba.

Ta ce, "Tashi. Ba ni kaɗai za ki gaya wa ba."

Ta kai ni ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, lokacin da maza ke zaune. Ta sa anka kira matan maƙwabta sunka tsaya daga gefe. Na tsaya a tsakiya, ni da ban taɓa ɗaga murya gaban maza ba, na faɗi abin da na yi. Mai unguwa yaro ne lokacin yunwa, ya ce Allah Ya kyauta, Ya shirye mu. Waɗanda sunka fara ɗora mata laifin yawancinsu sun mutu, har da mijin da ya sake ta. Wata tsohuwa daga cikin matan ta ce, "To ai ko iri matacce ne, mi ya sa ya faɗo hannunta ita, bai faɗa hannun wani ba? Alhakin dai ne." Wasu sunka gyaɗa kai. Anka kira salla, taron ya watse.

Munka koma ɗakinta. Na durƙusa na sake roƙonta.

Ta ce, "Shekara goma sha biyar ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe 'ya'yana. Yau kin zo kin sauke mini, na gode da wannan. Amma kin zo ne don kin ji mutuwa kusa, ba don ni ba. Da ba ki yi ciwo ba da har yau ina nan ina azumi."

Na ce, "Haka ne."

"Da kin ce mini bai tsiro ba, da mun ci shi a hanya, mu roƙi iri ko ƙwarya ɗaya a Gusau. Kalma ɗaya, uwar ɗakina. Wata biyar ina yi miki daka."

Na ce, "Ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Kada ki haɗa ni da Allah, Shi ya san abin da ke raina. Nawa hakkin, wataƙila wata rana in iya yafewa. Na yaran nan biyu ba nawa ba ne da zan bayar. Ban yafe ba. Ki bari sai mun haɗu can, su ma suna wurin."

Ta bar ni na kwana a ɗakinta don ni baƙuwa ce, da safe ta raka ni har bakin hanya.

Na koma Bungudu sau biyu bayan nan, duk bayan girbi. Na farko ta karɓi gaisuwata, ta ƙi karɓar zanen da na kai mata, ta ce amsarta tana nan yadda take. Na biyu na tarar an yi kwana arba'in da binne ta. Na tambayi ƙanenta ko ta bar mini wata magana. Ya shiga ya tambayi matarsa, wadda ta yi jinyarta, ya fito ya ce ba ta ambace ni ba.

Yanzu in mata sun zauna suna cewa wance alhaki ya kama ta, wane alhaki ya karya shi, ba na sa baki, kuma in a gidana ne nakan ce su tashi. Ban daina yarda da alhaki ba. Abin da na daina shi ne cewa na san fuskarsa in na gan shi a jikin wani. Na wuyana kawai na sani, kuma da shi za a binne ni.